Kafin Ka Sayi Tur: Jagora Ga Mai Son Aikin Ƙarfe Mai Daidaito a Takieta

Ɗauki rulma mai lamba 6204, wadda mutanen Kano ke kira boris. Raminta milimita 20 ne, faɗinta na waje 47, kaurinta 14. Sandar da za ta zauna a kai kuwa ba 20 cif ake so ba. Wata ƙa'idar awo da ake yawan bi ta ce ta ɗara 20 da abin da ya kama daga 0.002 zuwa 0.015 na milimita. Kaurin gashin kai guda wajen 0.07 ne, wato duk filin da aka ba ka ka yi wasa a ciki bai kai kashi ɗaya cikin biyar na silin gashi ba. In ka rage da yawa, rulma ta riƙa sulɓi tana cin sanda. In ka bari da yawa, sai an sa guduma kafin ta shiga, ta yi zafi, ta mutu kafin kaka. Hausawa sun ce ido ba mudu ba amma ya san kima. A wannan sana'a ido bai san komai ba.

Na fara da rulma ne don a san abin da ake nufi da daidaito kafin a zo maganar inji. Masu aikin tur da suka koyi sana'a da Faransanci suna lissafi da santiyem, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, kuma da shi zan riƙa magana a nan.

Takieta gari ne na mararraba. Babbar hanya ta ɗaya da ta taso daga Yamai ta bi ta Maraɗi ta nufi Damagaram ta nan take ratsawa, a nan kuma hanyar Kance da Matamaye ta ɓalle ta yi kudu zuwa iyaka, Daura, har Kano. Duk abin da ke juyawa a wannan yanki yana lalacewa wata rana: injin niƙa, injin ban ruwa na masu lambun rani da masu rake, babur ɗin ɗan kabu-kabu, kafar amalanke. Mai walda yana iya cika sandar da ta cinye, amma mayar da ita awonta sai tur, injin da ke juya ƙarfe wuƙa tana sassaƙarsa. Sau da yawa sai an ɗauki sandar a buhu an yi tafiyar kilomita hamsin da ɗoriya zuwa Damagaram, a wuni, wani lokaci a kwana.

Wani ƙanena da ke walda a bakin hanya ya gaji da wannan zirga-zirga. Ya zo mini da waya, ya nuna hoton wani ɗan inji ja mai kyalli, ya ce, "Yaya, ga shi an rubuta yana aiki har santiyem ɗaya." Na ce masa ya ajiye wayar, ya je ya kwaso mini duk ƙarafan da ya tura Damagaram ko ya mayar wa masu su cikin wata uku, ko aƙalla ya tuno su. Muka zauna a kan benci muna jerawa. Sandar injin niƙa mai kaurin milimita 35 da tsawon kusan rabin mita. Fuli mai faɗin 200. Bushi na babur. Mahaɗin bututun famfo. Kafin mu gama shan shayi ya gane da kansa cewa rabin aikin ba zai ma shiga bakin wancan jan inji ba.

Wannan shi ne matakin farko, kuma ba ya cin ko dala: aikin da ke zuwa ƙofarka shi zai zaɓa maka inji. Awo uku za ka fitar daga tarin ƙarafan nan. Mafi faɗi a cikinsu, don sanin tazarar da ake bukata tsakanin tsakiyar juyi da gadon inji. Mafi tsawo, don sanin tsawon gado. Sai kuma wanda mutane ke mantawa, ramin da ya ratsa cikin sandar juyi, inda dogon ƙarfe ke bi ya fita ta baya. Ka lura kuma cewa faɗin da ake rubutawa a takarda na saman gado ne. A saman keken da ke ɗauke da wuƙa, inda ainihin aikin dogayen sanduna yake, da ƙyar ya wuce rabin haka.

Ƙananan injinan China da suka cika duniya, irin waɗanda kamfanin Sieg na Shanghai ke yi ana sake musu fenti da suna, suna juya faɗin milimita 180, tsawon 300 zuwa 350, ramin sandarsu 20, nauyinsu wajen kilo 40. Ba na raina su. Wanda aikinsa bushi ne, ƴan fil, tagulla da sanholo, zai iya samun santiyem biyu a kansu in ya yi haƙuri ya kwance, ya wanke, ya daidaita. Amma a matsayin kayan haɗi suke zuwa, ba a gama su ba, kuma cikin da yawansu akwai giya ta roba mai karyewa ranar da wuƙa ta cije. Sama da su akwai masu faɗin 250 zuwa 280 da tsawon 550 zuwa 700, masu nauyi fiye da kilo 100. A ganina daga nan ne injin neman abinci ya fara.

Dalilin shi ne nauyi. Lokacin da wuƙa ke yanka, ƙarfe yana tura ta baya, kuma duk abin da ke tsakanin bakin wuƙa da aikin yana ɗan lanƙwasa: mariƙin wuƙa, keke, gado, sandar juyi. Ka juya hannu ka ce a cire santiyem biyar, inji marar ƙwari ya cire uku, ka sake bi ba tare da ka ƙara komai ba ya cire ɗaya. Da haka ake wuce awo. Inji mai kaurin baƙin ƙarfen zubi ba ya yi maka wannan ƙarya, kuma yana shanye karkarwar da ke barin zane-zane a jikin aiki. In ka ga injina biyu masu awo ɗaya, ka tambayi nauyinsu, ka dubi faɗin gadonsu. Mai nauyi da faɗin gado shi ne naka.

Akwai kuma tsofaffin injinan Turai. Myford ML7 na Ingila, wanda aka fara yi a 1946, da ƙanensa Super 7 na 1953. Emco Compact 8 na Ostiriya. Manya kaɗan irin Colchester Student da Harrison M300, waɗanda makarantun fasaha da masana'antun Najeriya suka yi amfani da su, da na Faransa irin Cazeneuve da Ernault. A ƙololuwa akwai Schaublin 102 na Suwizalan da Hardinge HLV-H na Amurka, injinan masu agogo da masu kayan awo, waɗanda ke aiki da kashi cikin dubu na milimita. Na ambace su don ka san sunan in ka gamu da shi, amma mazaunin rulmar injin niƙa ba ya bukatarsu. Masana'antu da yawa sun rufe a Bompai da Sharaɗa da Calawa, kayansu sun watsu hannun dillalai, don haka mai haƙurin yawo a Kano, ko ya kai Panteka ta Kaduna, yana iya tsintar abin kirki. Yana kuma iya tsintar gawa da sabon fenti. Suna ba ya yanka ƙarfe. Tsohon Colchester da gadonsa ya cinye bai kai sabon ɗan China ba.

Shi ya sa nake cewa kafin ka sayi tur, sayi abin da za ka auna shi. Ma'auni mai zamiya, wanda ake kira piye-a-kulis, na kusantar awo ne kawai. Kana bukatar maikiromita, wadda masu Faransanci ke kira palmer, ta 0 zuwa 25 da ta 25 zuwa 50, da agogon awo mai allura wanda kowane layinsa santiyem ɗaya ne, tare da gindinsa mai maganaɗisu. Ka sa su a jaka, ka ƙara da guntun sandar ƙarfe mai taushi mai kaurin milimita 30 da tsawon 150, da wuƙar da ka wasa da kanka, da reza sabuwa. Mai sayarwa da ya ga waɗannan kaya yakan sauya murya. In ya ce babu wuta, ka ce za ka biya kuɗin man janareta. In ya ƙi duk da haka, ka yi masa sallama. Cinikin biri a sama ba na mai ƙaramin jari ba ne.

Ka fara da sandar juyi, domin ita ce zuciyar inji, gyaranta kuma shi ne mafi tsada. A cire bakin riƙo, wato mandaran. Ɗora allurar agogo a cikin ramin sandar, inda ya tsuke, ka juya da hannu a hankali. Allurar kada ta yi rawa fiye da santiyem ɗaya. Sannan ka mayar da ita saman hancin sandar, ka zura itace a ramin ka ɗaga sama da ƙarfin hannu ɗaya. In allura ta yi tsalle ta ƙi komawa inda take, rulmomin ciki sun saki. Wani lokaci ɗaurewa kawai suke so, wani lokaci sun mutu. A kunna inji ya yi gudu mafi girma na minti goma sha biyar ko ashirin, ka saurara, ka ɗora tafin hannu a kansa. Ɗumi ba laifi. Zafin da ya sa ka janye hannu, ko ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, laifi ne.

Sai gado. Yawancin aiki kusa da mandaran ake yi, don haka nan ne ke cinyewa, can ƙarshe kuma ya zauna sabo. Kawo keken wuƙa kusa da mandaran, ka ɗaure makullinsa kaɗan har ka ji yana ja amma yana tafiya, sannan ka murza shi zuwa baya. In ya yi tafiyar taƙi ɗaya ya cije, gadon ya yi kwari. Bi gefen hanyoyin da farce, in farcenka ya kama tudu, ka ga shaida ta biyu. Inji mai irin wannan ciwo zai iya yin gajeren aiki, amma doguwar sanda za ta fito da ciki. Gyaransa sai babban injin goge gado, abin da ba a samu a kusa, don haka ni nakan bar shi ko da an karya kuɗin.

Yanzu gwajin da ya fi duka. Ɗaure sandar nan taka a mandaran, milimita 100 a waje, ba tare da an tokare ta daga baya ba. Yi yanka ɗaya don ta daidaita, sannan ka yi na ƙarshe mai sauƙi, santiyem biyar, a hankali. Bari ta huce. Auna kusa da mandaran, auna tsakiya, auna ƙarshe. Bambancin santiyem ɗaya ko biyu daga wannan kai zuwa wancan abin karɓa ne, kuma in tsukewar ta tafi bai ɗaya, sau da yawa murɗewar gado ce saboda ƙasar da aka ajiye shi, tana gyaruwa. Wanda ba ya gyaruwa shi ne awon da ya hau ya sauka ya sake hawa. Ka kuma juya maikiromita a wuri ɗaya ta fuska biyu, don ka ga ko sandar ta fito da'ira ko ƙwai. Daga nan ka share fuskar wani faffaɗan guntu, ka ɗora masa rula ka duba a hasken rana. Ya zama shafal, ko ya ɗan lotsa a tsakiya kaɗan ƙwarai. In tsakiya ce ta yi tudu, abin da aka yi a injin ba zai zauna daram a kan ɗan'uwansa ba.

Rezar kuwa ta matokarin baya ce. Sa tsini a gaba, sa tsini a baya, ka matso da su su kama reza a tsakaninsu a hankali. In ta tsaya a miƙe, tsinin biyu sun yi ido da ido. In ta karkata gefe, ana daidaitawa da noti. In ta nuna na baya ya yi ƙasa, gindinsa ya cinye, sai an yi masa ciko.

Abin da ke firgita sabon shiga, wato lakon da hannun murzawa ke yi kafin wuƙa ta motsa, shi ne mafi ƙarancin damuwa. Santiyem goma ko ashirin ba komai, muddin kullum daga fuska ɗaya kake shiga awo. Abin da za ka tabbatar shi ne ko lambobin da ke jikin hannun suna nuna abin da wuƙa ta matsa ne ko abin da kauri ya ragu, domin na biyu ninkin na farko ne. Mutane da yawa sun ɓata aikinsu na farko a nan.

Maganar yanka zare, wato haƙoran noti, tana da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda ake zato, saboda kayanmu gauraye ne. Babura da injinan China da na Japan zaren milimita suke da shi, mai kusurwar digiri 60: M10 tazararsa 1.5, M12 tazararsa 1.75. Bututun ruwa da bakin famfo kuwa har yau a kan inci suke, da kusurwar 55: na rabin inci haƙora 14 a inci, na inci ɗaya zuwa sama 11. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, shi ya sa giya mai haƙora 127 ke sa injin inci ya yanka zaren milimita daidai, ko akasin haka. Ka duba allon da ke jikin inji, ka ƙirga giyoyin canji da aka ba ka ɗaya bayan ɗaya. Tsohon inji yakan rabu da giyoyinsa a hanya, kuma neman guda ɗaya na iya cin wata shida.

Ka duba gudu mafi ƙanƙanta, kada mafi girma ya ruɗe ka. Wuƙar ƙarfe ta gama-gari tana son ta ci wajen mita 30 a minti a kan ƙarfe mai taushi. Ga sanda mai kaurin milimita 20, wannan juyi 480 ke nan a minti. Ga fuli mai faɗin 100, bai kai juyi 100 ba. Injinan da ake rage musu gudu da ɗan maɓallin murɗawa suna rasa ƙarfi daidai lokacin da aka fi bukatarsa, a ƙaramin gudu. Mai bel da giyar baya ƙara ƙarfi yake yi in an rage.

Wannan ya kawo mu wuta. Wutar NIGELEC a wannan yanki mafi yawanta daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya tuna yadda aka yi da aka yanke ta a watan Agustan 2023. Ko tana nan, hawa da sauka take yi. Ƙananan injinan nan masu maɓallin gudu suna da allon lantarki a ciki, shi ne kuma farkon mutuwa. Na taɓa sayen irinsa da kuɗina. Sati na uku, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi ina tsakiyar yanka, na ji ɗan ƙauri, shi ke nan. Wata huɗu yana lulluɓe da buhu ina jiran allo. Moto na gargajiya mai bel, in ya ƙone, akwai mai naɗa waya a Damagaram. In dole sai mai allo, ka sayi allo na biyu tun ranar ciniki, ka sa masa na'urar daidaita wuta. Tsofaffin injinan masana'antu kuma yawanci na layi uku ne, bolt 380. Karanta farantin moton: in an rubuta 220/380, ana iya sauya haɗinsa a sa masa inbata mai karɓar layi ɗaya ta fitar da uku. Wanda aka yi don Amurka, bolt 110 da mitar wuta 60 a maimakon 50 ɗinmu, sai ka yi lissafin ƙarin kashe kuɗi.

Kada kuɗinka su ƙare a kan inji tsirara. Mandaran mai muƙamuƙi uku, wanda ke zuwa da kusan kowane tur, yana da sauri amma yakan kauce da santiyem biyar zuwa goma. Mai muƙamuƙi huɗu, da ake ɗaure kowanne daban ana duba agogo, shi ne ke kai ka santiyem ɗaya, kuma shi kaɗai zai kama tsohuwar sanda yadda sabon mazaunin rulma zai yi daidai da tsohon. In za a ba ka ɗaya kawai, karɓi mai huɗu. Ƙara da matallafin tsakiya na dogayen sanduna, domin duk abin da ya fito daga mandaran fiye da ninki uku na kaurinsa yana son tallafi. A kan ƙaramin inji, wuƙar ƙarfe da kake wasawa da hannunka ta fi mai bakin kabaid da ake sauyawa: ta fi kaifi, ba ta tura aiki, ba kuma sai ka aika Kano ba in ta dakushe.

In an yi ciniki, a ɗauko shi da hankali. Nauyin tur a sama yake, yana kifewa cikin ƙiftawar ido. Kada a ɗaure igiya a mandaran, ko a hannayen murzawa, ko a doguwar sandar zare. A ɗaure ta gado, a dasa shi a kan katako cikin mota, don ramukan hanya ba su san santiyem ba.

Wurin zamansa rabin daidaitonsa ne. Rumfar bakin titi ba ta tur ba ce. Ƙurar hunturu in ta haɗu da man da ke kan gado ta zama dutsen wasa, kullum tana ci. A ba shi ɗaki mai ƙofa, daɓen siminti, da mayafi, kuma injin gurza da walda su zauna waje, domin tartsatsin gurza ya fi yashi illa. Kowace safiya a share gado da tsumma kafin a zuba sabon mai, kafin a motsa keke ko taƙi ɗaya. Bayan an dasa shi a sake yin gwajin sandar nan. In ta tsuke, sai a yanka gwangwanin lemo, wanda kaurinsa wajen santiyem goma ne, a riƙa cusawa ƙarƙashin ƙafar baya, ta gaba ko ta bayan gado, ana yankawa ana aunawa har kan biyu su zo ɗaya. Ni da ƙanena mun ɓata yini guda da gwangwani biyu a kan wannan.

Zafi ma yana da nasa. Awon duniya an tsayar da shi ne a kan digiri 20, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna wuce 40 a inuwa. Ƙarfe mai tsawon milimita 100 yana ƙaruwa da ɗan fiye da santiyem ɗaya a duk digiri 10, sanholo kuma ninki biyu. Sauƙin abin shi ne maikiromita ma ƙarfe ce, tare suke kumbura in zafinsu ɗaya. Matsalar tana zuwa ne in ka auna aikin da ya fito daga yanka da zafinsa, ko ka bar ma'auni a rana. Yankan ƙarshe na aiki mai tsanani, ka bar shi sai da safe, aiki da ma'auni da rulmar sun kwana a ɗaki ɗaya.

Ƙasar Damagaram ba baƙuwar ƙarfe ba ce. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, maƙeran birni har igwa suka zuba. Sai dai maƙeri yana aiki da babbar riga a naɗe a kafaɗa, wuta ba ta jan mutum. Tur yana ja. Hannun riga, bakin rawani, carbi a wuya, safar hannu, duk a cire kafin a taɓa maɓalli, kuma makullin mandaran kada ya kwana a jikinsa ko na daƙiƙa ɗaya. Ranar da aka kunna na ƙanena, wani dattijo mai injin niƙa ya matso da jallabiyarsa yana leƙen sandarsa tana juyawa. Yaron shago ya riƙo shi ta baya ya ce, "Baba, don Allah ja da baya, wannan bai san girma ba." Dattijon ya koma bakin ƙofa ya zauna a kan benci, yana jiran a kira shi ya ga rulma ta shiga.